Yini ɗaya a Sakkwato da motarka: ina ya fi dacewa ka ajiye ta?

Wanda ya taso daga Tambuwal, Gwadabawa, Wurno ko Tureta da motarsa, da niyyar ya yi abin da ya kawo shi birnin Sakkwato ya koma gida a ranar, yakan yi lissafin mai, ya duba taya, ya tabbatar takardun mota suna wurinsu saboda jami'an kiyaye haɗurra. Inda motar za ta yini kuwa sai ya iso yake fara tunaninsa. Haka abin yake ga mutanen Birnin Kebbi da na Gusau, waɗanda duk da an ba su jihohinsu a 1991 da 1996, har yau da yawansu Sakkwato suke zuwa ganin likita ko kawo ɗalibi jami'a.

A ganina samun wurin cusa mota da safe ba ya wuya a garin nan. Fitar da ita bayan la'asar ita ce matsalar. Ɗan gari in an tare masa hanya yana iya barin motar ya hau kabu-kabu ya dawo bayan isha'i. Baƙon yini ba shi da wannan sararin. Magariba a Sakkwato takan faɗi tsakanin ƙarfe 6 da 7 da 'yan mintoci gwargwadon lokacin shekara, kuma halin tsaron da ake ciki ya sa ba mai son dare ya same shi a hanya, musamman masu komawa gabashin jihar, wajen Goronyo, Isa da Sabon Birni. Gusau ta haura kilomita 200 daga nan. Saboda haka duk wurin da zan kawo a ƙasa, da wannan idon nake dubansa.

Abin da za a auna

Na farko kuɗi, kuma ba na tikiti kaɗai ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, yawon neman wurin fakin ya zama kashe kuɗi, haka ma tayar da mota sau biyar daga wannan unguwa zuwa waccan. A haɗa da kuɗin keke napep in wurin ya yi nisa, da ɗan abin da za a ba mai gadi.

Na biyu tsaro: wa ke kallon motar, kuma in wani abu ya ɓace wa za ka tambaya?

Na uku lafiyar motar kanta. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma motar da aka rufe aka bari a rana cikinta ya fi waje zafi nesa ba kusa ba, sai ta koma tanderu. Batir na gajiya, robar gaban mota na tsagewa, sitiyari ba ya taɓuwa. Da damina kuma tambayar ita ce ko wurin yana tara ruwa. Ga gogar baro da amalanke da keke.

Na huɗu nisa daga inda za ka. Na biyar, wanda na fi ba nauyi, sauƙin fita a lokacin da ka ga dama.

Bakin titi

Nan kowa ke fara dubawa, don ba a biya kuma a ƙofar inda za ka yake. A manyan tituna masu faɗi irin su Ahmadu Bello Way, titin Maiduguri ko titin Kano, in dai mintoci kaɗan za ka yi, ka karɓi saƙo ko ka shiga kantin magani, ba laifi. Yini guda kuwa wani abu ne daban.

Ba mai kallon motar, sai fa in ka yi sa'ar mai shayi ko mai faci a kusa ka gaishe shi ka ba shi amana. Madubin gefe shi ne abin da ya fi saurin tafiya, ko dai hannu ya cire shi ko keke ya karya shi ya wuce. Gefen titin da ka gani fayau da ƙarfe 8 na safe, zuwa 11 masu tebur sun jera kaya gabanka da bayanka, wani kuma ya yi layi na biyu a gefenka. In ka tsaya kusa da shataletale, ko ƙarƙashin gadar sama irin ta Runjin Sambo ko ta Rijiyar Ɗorowa, ko inda aka kafa alamar hana tsayawa, kana iya dawowa ka tarar da jami'ai suna jiranka, ragowar yinin ya tafi a ba da haƙuri ko biyan tara.

Cikin tsohon gari kuwa, wajen fadar Sarkin Musulmi, Hubbaren Shehu, masallacin Shehu da na Sarkin Musulmi Bello, a tuna cewa tun 1809 aka kafa birnin, an yanka lungunansa ne don mai ƙafa da mai doki da jaki. Mota ɗaya da aka ajiye a karkace tana iya toshe layi gaba ɗaya, kuma duk ƙofar da ka tsaya gabanta akwai mai ita. Ranar Juma'a daga hantsi zuwa bayan an sauko, wanda ya shiga da mota wajen nan ya san ba zai fita ba sai jama'a sun watse.

Filin kasuwa da ake biya

A Babbar Kasuwa da kewayenta, da wajen Tsohuwar Kasuwa da Kara, akwai wuraren da ake tara motoci, wani ya tsaya yana karɓar kuɗi, wani lokaci da tikiti wani lokaci babu. Kuɗin ba ya da yawa, bai kai abin da za ka kashe a mai kana zagaye ba. Babbar fa'idarsa ga mai sayayya ce: ɗan dako ya ɗauko buhu ya sa a but, ba sai an yi jigila biyu ba.

Sai dai a fahimci abin da aka biya. Kuɗin wuri ne, ba inshora ba. In aka fasa gilashi aka ɗauki jaka, abin da za ka samu shi ne jaje. Duk da haka idon mai karɓar kuɗi ya fi babu, kuma ɓarawo ba ya son wurin da ake tambayarsa ina za shi.

Aibin da ya fi damuna shi ne jeri. Mai filin yana son ya cika shi, don haka wanda ya zo da wuri shi ake turawa can ciki, na baya su rufe shi. Kai da ka yi sammako daga ƙauye kai ne za ka kasance a ƙurya. Da la'asar ka zo fita, sai ka ji: "Alhaji, yi haƙuri, mai motag ga ya shiga kasuwa, yanzu shina zuwa." Wannan "yanzu" tana iya kai awa guda. Maganinsa tun da safe ne. Ka gaya wa mai wurin ƙarfe nawa za ka fita, ka nemi gefen da ke kusa da ƙofa ko da rana ta fi dukansa, ka juya motar da baya gabanta na kallon hanya. In ya ce ka bar makulli don a riƙa gyara jeri, ni dai ba na ba da shawarar haka ga wanda ba ka sani ba. Kada kuma a tsaya a bakin ƙofofin kasuwa ko da an ga sarari. Wanda ya tuna gobarar da ta ci babban ɓangaren kasuwar a watan Janairun 2021 ya san amfanin barin hanyar da motar kashe gobara za ta bi.

Inuwa a irin waɗannan filaye sai sa'a.

Tasha

Wasu na kai motarsu babbar tasha saboda akwai mutane dare da rana, akwai 'yan ƙungiyar direbobi, ga abinci ga masallaci ga keke a ƙofa. In kana da sanayya da wani a ƙungiyar, wuri ne mai tsaro daidai gwargwado. In ba ka da kowa, tasha ba don motar gida aka yi ta ba. Motocin haya na ja da baya suna gaba duk yini, ana ɗaura kaya ana saukewa, ƙaramar gogewa ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Kuma da yamma in ka ɗauki wani ɗan garinku da ka gamu da shi a ƙofar tasha, za a iya ce maka lodi ka yi, rigimar da ba ka shirya mata ba ta tashi.

Gidan mai

Wannan na cikin waɗanda na fi so, da sharaɗi. Gidajen mai da ke bakin gari, a kan hanyar da ka shigo, galibi suna da fili, ƙasa da siminti ko kwalta, akwai ma'aikata duk yini, da yawansu da mai gadi da ɗan masallaci. Mutanen Bodinga da Yabo da Shagari da Tambuwal su duba tun daga wajen hanyar filin jirgin sama. Na Dange, Shuni da Tureta su duba wajen Kwannawa. Na Kware, Gwadabawa da Illela su tsaya ta ɓangarensu kafin su kutsa cikin gari. Hikimar ita ce in ka gama, keke ya dawo da kai, kana tayar da mota kana kan hanyar gida, cunkoson tsakiyar gari bai shafe ka ba.

Sharaɗin shi ne izini. Kada ka ajiye ka yi tafiyarka. Sha mai tukuna, ko da rabin abin da kake buƙata ne, sannan ka nemi manaja ko mai gadi: "Baba, daga Gwadabawa nake, asibiti za ni, in Allah ya so kafin la'asar na dawo. Ina zan sa ta da ba za ta tare muku hanya ba?" Shi zai nuna maka inda tankar mai ba ta juyawa. Ka karɓi lambar wayarsa ka ba shi taka. In ka dawo ka sallame shi da abin da ya sawwaƙa, ka cika tankinka a nan, gobe ma ƙofa a buɗe take.

Haɗarinsa biyu ne. Ranar da ake wahalar mai, layi na iya rufe ƙofar shiga da ta fita, wasu gidajen kuma sukan ja ƙyaure su kulle in mai ya ƙare. Sannan ba kowane manaja ke yarda ba, kuma yana da hujja: ba ya son motar da bai san abin da ke cikinta ba ta yini kusa da famfo. In ya ƙi, a yi godiya a gwada na gaba. Masu shigowa ta Wamakko su guji gefen hanyar Kalambaina inda tirelolin siminti ke jeruwa, don ƙura da kuma yadda suke rufe ƙaramar mota ba su ma gan ta ba.

Kuɗin da ke cikin wannan zaɓi na keke ne, zuwa da dawowa da zirga-zirgar tsakani. Mutum ɗaya ko biyu, ya fi arha a kan yawo da mota. Iyali mutum shida da tsohuwa mai ciwon ƙafa, lissafin ya canza.

Harabar wurin da ka zo

In abu ɗaya ne ya kawo ka, kuma wurin yana da haraba, kada ka wahalar da kanka. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru suna da ƙofa da masu gadi, kuma mai kawo mara lafiya dole motarsa ta kasance kusa, don ba a san lokacin da za a ce a je a yi hoto ko a sayo magani a waje ba. A zo da wuri, domin ranakun ganin likita wuri na cika tun da hantsi. Kada a tsaya a hanyar sashen gaggawa ko a wurin da aka keɓe wa ma'aikata. In an ba ka kati a ƙofa, ka sa shi a aljihu, kada ka bar shi cikin motar, don shi ne shaidar da ake nema kafin a bar mota ta fita.

Sakatariya ma haka, ga mai bin fayil ko takardun fansho. Sai dai a tuna ofisoshi kan tashi wajen ƙarfe 4, ranar Juma'a kuma tun kafin masallaci, harabar da ke cike da jama'a sai ta zama kango. Barin mota a can a wuce kasuwa har yamma ba dabara ba ce. Banki kuwa filinsa ƙarami ne, kuma masu gadinsa na lura da motar da ta daɗe. Gama abin da kake yi ka ɗauke ta.

Otal shi ne mafi tsaro a cikin wannan rukuni, da katanga da mai gadi, wani lokaci har da rumfa. Amma don baƙinsa aka yi filin. Wanda zai ci abinci a can ko yana da taro a zaurensu ya samu. Wanda ba haka ba sai ya yi magana da su, kuma ya sa ran abin zai fi sauran wurare tsada.

Gidan ɗan'uwa ko aboki

Ta fuskar tsaro da inuwa babu kamarsa. Mota na cikin gida a Arkilla ko Gwiwa ko Mabera, an ja get, ba ka biya ko kwabo ba. Abin da ake biya lokaci ne. Ba yadda za a yi ka ajiye mota a gidan yayarka ka juya ba ka shiga an gaisa ba, an tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, an kawo fura. Da ka dawo kuma an riga an ɗora tukunya dominka, in ka ce sauri kake a ce ka raina abincin gidan. Zumunci ne, kuma yana da daɗi, amma a sa masa awa guda a lissafi, a kuma shigo da ɗan tsaraba.

Sai a duba abu biyu. Shin mai gidan zai fita da makullin get? Kuma yaya layin yake in an yi ruwa? Wasu unguwannin, Mabera na cikinsu, an san su da tara ruwa da damina, motar da ta shiga lafiya da safe tana iya kasa fita bayan ruwan azahar.

Wurin wankin mota ko garejin makaniki

Dabara ce da direbobi suka daɗe da sani: ka ba da wanki, ka ce sai la'asar za ka dawo. Kuɗin wankin ya zama kuɗin fakin, ga rumfa ko inuwar dogon yaro, ga mutane a kan motar, ka koma gida da ita tsaf. Da hunturu, lokacin da ƙura ke rufe gilashi, riba biyu ce. Gareji ma haka, in dama akwai juyen baƙin mai ko gyaran birki da kake ta ɗagawa.

Matsalar ita ce makulli na hannun wani. A wurin wanki kana iya cewa a wanke waje kawai ka tafi da makullinka. A gareji ba zai yiwu ba, don haka sai wurin makanikin da ka sani ko wanda amintacce ya haɗa ku. Ka duba ma'aunin mai da tayar ajiya da jak a gabansa kafin ka tafi, ba don zargi ba, don kada a yi musu daga baya. Kada kuma ka yarda a kwance wani babban abu a ranar da za ka koma. Makaniki in ya buɗe inji ya ce sai an nemo kaya, kwana ya kama ka.

Ga su a jere:

| Wuri | Kuɗi | Tsaro | Rana da gogewa | Sauƙin fita |
|---|---|---|---|---|
| Bakin titi | Babu, sai in tara ta hau ka | Rauni | Duka biyu akwai | Ba tabbas |
| Filin kasuwa | Kaɗan | Matsakaici | Rana sosai | Wuya, in kana ƙurya |
| Tasha | Kaɗan | Mai kyau in kana da sanayya | Gogewa da yawa | Matsakaici |
| Gidan mai a bakin gari | Sallamar mai gadi da kuɗin keke | Mai kyau | Da sauƙi | Mafi sauƙi |
| Harabar asibiti ko ofis | Babu ko kaɗan | Mai kyau a lokacin aiki | Gwargwadon sammako | Da sauƙi |
| Otal | Mafi tsada | Mafi kyau | Da sauƙi | Da sauƙi |
| Gidan ɗan'uwa | Tsaraba da lokaci | Mafi kyau | Babu damuwa | Sai an sallame ka |
| Wanki ko gareji | Kuɗin aikin | Gwargwadon amana | Akwai inuwa | Da sauƙi a wanki |

Ko'ina ka zaɓa, inuwar da ka gani da safe ba ita ce ta azahar ba. Rana na komawa yamma, inuwa na komawa gabas, don haka ka sa motar gabas da itace ko katanga, nan ne inuwa za ta same ta a lokacin da zafi ya fi tsanani. Kada a bar turaren fesawa, fawa bank, waya ko magani irin allurar ciwon suga a ciki. Yaro kuwa ko na minti biyar ne kada a rufe shi a mota. Jaka, ko babu komai cikinta, a sa ta a but tun kafin a iso wurin, ba a gaban jama'a ba.

Wa ya dace da wane

Mai zuwa wurare uku ko huɗu, banki da kasuwa da gaisuwar rasuwa da sayen littafi, shi kaɗai ko su biyu: gidan mai ko wurin wanki a ɓangaren da zai fita, sauran yawon a keke. Wannan ne zaɓina ga mafi yawan mutane, kuma shi ne na duk wanda hanyarsa ba ta son dare.

Mai sarin kaya masu nauyi: filin kasuwa, kusa da ƙofa, gaba na kallon waje. Ko kuma ya bar motar a bakin gari, ya gama ciniki a tara masa kayan a shago ɗaya, sannan ya ɗauko ta ya yi lodi sau ɗaya ya wuce.

Mai kawo mara lafiya: cikin harabar asibiti, ba wani wuri ba.

Masu ziyarar Hubbare, musamman in da tsofaffi da yara: a sauke su kusa, direba ya fitar da motar zuwa titi mai faɗi ko gidan wani da aka sani, a yi waya in an gama. In ziyarar ta faɗo ranar Juma'a, ko a gama a fita kafin ƙarfe 11, ko a shirya yin sallah a can a jira hanya ta buɗe.

Mai sabuwar mota ko wanda ya ɗauko ta aro: gidan ɗan'uwa, in babu otal.

Wanda ba shi da tabbacin zai gama a ranar, kamar mai jiran sakamakon gwaji ko sa hannun wani babba: ya fara da gidan ɗan'uwa tun da safe, domin a cikin wuraren nan duka, shi da otal ne kaɗai motar za ta iya kwana ba tare da an sake neman izinin kowa ba.